Musa Ɗanƙwairo: makaɗin fada da ya taso daga gona

An haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙauyen Ɗankadu, a ƙasar Bakura, a farkon ƙarni na 20. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne kuma manomi, shi ya kawo iyalinsa ƙasar Maradun, inda gidan ya zama na makaɗan Sarkin Ƙaya.

Yankin nan yana bisa kwarin Gulbin Sakkwato, ƙasar gero da dawa a tudu, shinkafa a fadama. A irin wannan wuri kiɗa ma aiki ne: ana kiran makaɗi ranar gayya domin ya zuga samari su ƙure juna a kan kuyya. A nan Musa ya goge, yana yi wa mahaifinsa amshi, daga baya kuma yayansa Kurna. Mafi yawan masu sauraronsa a birni sun san shi ne da kotso da waƙoƙin Sardauna Ahmadu Bello da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, amma ƙarfin amshin nan nasa a gona ya samo tushe.

Ya kuma ga ƙasar ta sauya da idonsa. Madatsar Bakolori, da aka kammala a 1978, ta cinye gonaki da ƙauyuka a ƙasar Maradun, ta kawo noman rani wajajen Talata Mafara da Bakura. Rikicin diyya ya kai ga kisan manoma a watan Afrilun 1980.

Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ci gaba da riƙe kotson.