Agustin na Hippo da 'Ya'yan Allah na Farawa 6

Karatu: Farawa 6:1-8, Romawa 13:11-14

Karatunmu na yau ya daɗe yana jawo gardama a ikkilisiya. Su wane ne 'ya'yan Allah da suka auri 'yan matan mutane kafin ruwan tsufana? Mala'iku ne ko 'yan adam? Bari mu dubi rayuwar wani bawan Allah ɗan Afirka wanda ya yi nazarin wannan tambaya.

An haifi Agustin a shekara ta 354 a Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Mahaifiyarsa Monika mai bi ce, mahaifinsa kuwa bai tuba ba sai gab da mutuwarsa. Yana saurayi aka tura shi karatu birnin Kartaj. A can ya ajiye mace ba aure, ta haifa masa ɗa, Adeyodatus. Ya kuma yi wajen shekara tara cikin addinin Mani. Mabiyan Mani suna koyar da cewa wani ikon duhu da ke cikin mutum shi ke aikata zunubi. Daga baya Agustin ya furta cewa koyarwar ta yi masa daɗi, domin ta ba shi inda zai jingina laifinsa.

A 384 ya zama malamin iya magana a Milan, cikin Italiya, ya fara sauraron wa'azin Bishop Ambros. Aka nema masa aure na daraja, aka sallami uwar ɗansa ta koma Afirka, amma kafin a ɗaura auren sai ya sake ɗauko wata. Ya san gaskiya, sha'awa kuwa ta ɗaure shi. A 386, yana kuka a cikin lambu, ya ji muryar yaro tana cewa ya ɗauka ya karanta. Ya buɗe wasiƙar Bulus, idonsa ya faɗa kan Romawa 13:13-14. Nan ya miƙa wuya ga Yesu. An yi masa baftisma da Ista ta 387, Monika ta ga amsar addu'arta kafin ta rasu a shekarar nan. Ya koma gida, ya zama bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba yanzu.

Bayan da Gotiyawa suka washe Roma a 410, ya rubuta littafinsa Birnin Allah, daga 413 zuwa 426. A kashi na 15 ya kai ga Farawa 6. Iyayen ikkilisiya da dama kafinsa, irin su Jastin da Tatuliyan, sun ɗauka mala'iku ne suka fāɗi saboda mata. Suna da dalili: Ayuba 1:6 ya kira mala'iku 'ya'yan Allah, littafin Anuhu kuma ya ba da labarin haka. Agustin bai yarda ba. Ya ce littafin Anuhu ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. Ya nuna cewa a aya ta 3 Allah da kansa ya kira masu laifin mutane, masu jiki. Game da ƙattai, ya ce akan haifi irinsu a kowane zamani, har ya ambaci wata ƙatuwar mace da aka yi ta kallo a Roma. A ganinsa 'ya'yan Allah zuriyar Shitu ce, masu kira bisa sunan Ubangiji, waɗanda suka bar tsoron Allah suka bi kyan 'yan matan gidan Kayinu.

Bai ce kyau mugun abu ba ne. Kyau baiwar Allah ce, amma idan aka ƙaunaci baiwar fiye da Mai bayarwa, ƙauna ta kauce daga matsayinta. Mutumin da ya rubuta wannan ya san abin daga rayuwarsa.

Har yau akwai masu bi na gaskiya da ke riƙe da fassarar mala'iku, suna dogara ga Yahuza 6 da 2 Bitrus 2:4. Kada mu raba zumunci a kan haka. Mun san aljanu suna nan, mun kuma san sunan Yesu yana korarsu. Amma ka duba aya ta 5: abin da Allah ya gani shi ne muguntar zuciyar mutum. Ɗan'uwa, idan kana cikin fasikanci, kada ka ce wani ruhu ne ya sa ka. Agustin ya yi shekaru yana fakewa da irin wannan hujja, bai sami 'yanci ba sai ran da ya amsa laifinsa. Ke 'yar'uwa, kai saurayi mai neman aure, me kuke dubawa da fari, fuska da aljihu ko tsoron Allah?

Agustin ya rasu ran 28 ga Agusta 430, yana da shekara 75, lokacin da Bandalawa suka kewaye Hippo da yaƙi. Ya sa an rubuta masa zaburan tuba an manna a bango, yana karantawa daga gadonsa da hawaye.

Addu'a: Ya Uba, na daina ɗora wa wani laifina. Ka wanke ni da jinin Yesu, ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki, domin in ƙaunace ka fiye da kome. Cikin sunan Yesu, amin.