Florence Nightingale, Uwar Masu Aikin Jinya

Kwanan baya na tambayi 'yan ajina aikin da kowacce ke so ta yi in ta girma, da yawansu suka ce nas. Da na nemi dalili, sai wata ta ce ita dai fararen kayan ne ke ba ta sha'awa. Shi ya sa yau na kawo muku tarihin matar da ta kafa tushen wannan aiki, don mu ga abin da ita ta ɗauka shi ne jinya.

An haifi Florence Nightingale ran 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, sa'ad da iyayenta, Turawan Ingila, suka je can yawo. Sunan garin ne ma aka raɗa mata. Gidansu gidan masu hali ne, ubanta da kansa ya koya mata harsuna da tarihi da lissafi. A zamanin nan kuwa aikin jinya a asibitin Ingila aikin raini ne, 'yar babban gida ba ta yinsa. Saboda haka da ta ce shi take so, uwarta da yayarta suka tada hankali ƙwarai. Ita kuwa ta kafe, har ta ƙi aure. A 1851 ta tafi Kaiserswerth a Jamus ta yi wata uku tana koyon aikin, a 1853 aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a Landan.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya, suna taya Turkiyya faɗa da Rasha. Labari ya zo Ingila cewa sojoji na mutuwa a asibiti ba mai kula da su. Sai aka aiki Florence da mata 38 zuwa asibitin soja na Scutari, daura da birnin Istambul, suka sauka a watan Nuwamba. Ta tarar da ƙazanta da ƙwarƙwata da ɓeraye, ga ƙarancin sabulu da tufafi da abinci. Kwalara da atini da zazzaɓi sun fi harsashi kisa nesa ba kusa ba. Ta sa aka yi wanki da shara, ta gyara madafa. Da dare takan ɗauki fitila tana bin gadaje ɗaya bayan ɗaya, ta kuma riƙa rubuta wa iyalan mamata wasiƙa. Amma kada mu ƙara wa labari gishiri: mutuwa ba ta ragu da zuwanta nan take ba. Sai da gwamnati ta aiko da masu duba tsabta a watan Maris na 1855, suka wanke magudanan ƙazanta, suka buɗe wa iska hanya, kana aka ga sauƙi.

Ta koma gida a 1856 da ciwon da ta ɗauko can, wanda ya kwantar da ita shekara da shekaru. Daga kan gadon nan ta ci gaba da aiki. Da kuɗin da jama'a suka tara don girmama ta aka buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas a Landan, a 1860.

Ni dai abin da ya fi shiga raina shi ne ɗan littafinta mai suna Notes on Nursing, na 1859, wanda ta rubuta wa matan gida irinmu. A ciki ta nuna cewa babban darasin mai jinya shi ne lura. Tambayar majinyaci ko ya kwana lafiya ba ta wadatar ba, gama wanda ya yi barcin awa biyu da wanda ya yi na takwas duk amsa ɗaya za su iya ba ki. Ki tambaye shi awa nawa ya yi, kuma a wane lokaci na dare. Haka nan abinci: ki san ko loma nawa ya ci, kada ki ce wa likita ya ɗan taɓa. Ta kuma ja kunne game da tambayar da ke sa wa majinyaci amsa a baki.

Wajen magana da majinyaci, ta hana raɗa a ɗakinsa ko a bakin ƙofa, domin zai kasa kunne yana zaton maganarsa ake yi, hankalinsa ya tashi. Kada ki yi masa magana daga bayansa, ki zauna inda zai ga fuskarki, kada kuma ya ga alamar sauri kike yi. Ta yi fushi ainun da masu dubiya da kan cika majinyaci da cewa ai ciwon ba kome ba ne alhali shi ya san abin da yake ji, da masu kawo masa shawarar magani kowa da tasa. Nan fa, 'yan'uwa, kamar da mu take, in kun tuna yadda mukan cika ɗaki ranar dubiya. Game da amana kuma, ta ce mai jinya ba ta tsegumi, ba ta ba da labarin majinyacinta sai ga wanda ke da hakkin sani.

A 1907 Sarkin Ingila ya ba ta lambar girma ta Order of Merit, ita ce mace ta farko da ta samu. Ta rasu a Landan ran 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. Aka nemi a binne ta a Westminster Abbey inda ake binne manyan ƙasar, danginta suka ƙi, suka kai ta ƙauyen East Wellow kusa da iyayenta. A kan dutsen kabarin ba a rubuta kome ba sai haruffa biyu na farkon sunanta, da ranar haihuwarta da ta rasuwarta.