Alƙali Ibnu Rushdi Kaka, da Jikansa Mai Sunansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk almajirin da karatunsa ya kai Muhtasar ta Shehu Halil, a Maraɗi yake ko Damagaram ko Tawa, lalle ya ji sunan Ibnu Rushdi. Sai dai da yawa daga cikinmu ba mu san cewa manyan malamai biyu ne ke amsa wannan suna ba. Dukansu Abul Walidi Muhammadu ɗan Ahmadu ne, mutanen Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, kuma kowannensu ya riƙe alƙalancin birnin. Don haka ne malamai ke kiran na farko Aljaddu, wato Kaka, na biyu kuwa Alhafidu, wato Jika. Tarihin Kaka muke nufin kawowa, domin shi ne littattafan fiƙihunmu suka fi ambata.

An haife shi a Ƙurɗuba a shekara ta 450 bayan Hijira, daidai da 1058 Miladiyya. A can ya yi karatunsa, kuma babban malaminsa a fiƙihu shi ne Abu Ja'afar Ibnu Rizƙi. Ya zurfafa cikin mazhabar Imamu Malik har ya zama abin komawa ga malaman Andalus da Magrib a zamanin daular Murabiɗai. A shekara ta 511 (1117) aka naɗa shi babban alƙalin Ƙurɗuba, ya kuma yi limancin babban masallacinta. Bayan ƴan shekaru ya bar alƙalanci, ya duƙufa ga karantarwa da wallafa.

Littattafansa biyu suka fi shahara. Albayanu wat Tahsilu sharhi ne na Utbiyya, wadda ta tattara ruwayoyi masu yawa daga Malik da almajiransa. Ya bi mas'alolinta ɗaya bayan ɗaya, yana fayyace dalilinsu, yana sasanta waɗanda ake ganin sun saɓa wa juna. Almuƙaddimatu kuwa ya shimfiɗa ta ne don sauƙaƙa wa mai karatu shiga Mudawwana. Wannan aiki ne ya sa Shehu Halil ya zaɓe shi cikin malamai huɗu da yake nuni da rinjayarwarsu, tare da Lahmi da Ibnu Yunusa da Maziri. Cikin almajiransa akwai Alƙali Iyal mai Ashafa, littafin da har yau ake karantawa a zaurukanmu.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo daidai da lokacin tsanani. A 1125 da 1126 sarkin Aragon, Alfonso na Farko, ya ratsa Andalus da rundunarsa har kusa da Garnaɗa. Malam, yana da shekara kusan saba'in, ya ƙetare teku zuwa Marrakish wurin Sarki Aliyu ɗan Yusufu ɗan Tashfin. Ya shawarce shi da a kewaye birane da ganuwa, ya kuma ba da fatawar a mayar da Nasaran da suka taimaki maharan zuwa Magrib. Ya komo gida ke nan ba da daɗewa ba sai ajali ya riske shi, cikin watan Zulƙida na 520 (1126).

A wannan shekara ce aka haifi jikansa. Jika ya gaji fiƙihu, ya ƙara da likitanci da falsafa. Shi ne mai Bidayatul Mujtahid, wadda ke jera saɓanin mazhabobi da sabubbansa, da Alkulliyyat a kan likitanci, da Tahafutut Tahafut inda ya mayar wa Imamu Gazali martani. Sharhinsa ga littattafan Aristo ya sa Turawa suka san shi da sunan Averroes. Ya yi alƙalancin Ishbiliya da Ƙurɗuba a daular Muwahhidai. Daga baya aka tuhume shi saboda falsafa, aka kore shi, aka ƙone wasu littattafansa, sa'an nan aka yafe masa, ya rasu a Marrakish a 595 (1198).

Ya ku ƴan'uwa, rarrabe su wajibi ne a kan mai neman ilimi. Wanda ya ji an soki Ibnu Rushdi kan falsafa, ya ɗauka shi ne na cikin Muhtasar, zai munana zato ga malamin da ya rasu jikansa na cikin zanen goyo. Haka kuma wanda ya jingina wa Kaka maganar Bidaya ya ɗora wa mazhaba abin da ba lalle ne ya zama mashahurinta ba, alhali da irin wannan ake yanke hukuncin aure da gado da ciniki. Saboda haka muna kira ga malamanmu, duk sa'ad da sunan ya zo a karatu, su faɗi wanne ake nufi da littafin da maganar ta fito.

Allah Ya jiƙan su baki ɗaya, Ya amfane mu da iliminsu, amin.