Sardauna Ahmadu Bello da Gyaran Shari'a a Jihar Arewa

An haifi Alhaji Ahmadu Bello a garin Raba, ƙasar Sakkwato, cikin 1910, a zuriyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Bayan ya ƙare Kwalejin Katsina a 1931 ya yi aikin malanta, sa'an nan aka naɗa shi hakimin Raba a 1934. Ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938, Allah bai nufa ba, sai aka ba shi Sardauna.

A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, aka wanke shi. Watau tun kafin ya riƙe mulki ya ɗanɗana abin da kan sami mutum idan mai mulki shi ne alƙali.

Da ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, sai ya tarar Turawa da mutanen Kudu ne suka fi yawa a manyan ayyukan gwamnati. Ya dage a horar da 'yan Arewa su gaje su. A zamaninsa aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri, kudu da kogi, cikin 1957, inda Hausawa da sauran ƙabilu, Musulmi da Kirista, suka taru neman abinci. Da wace doka za a hukunta irin wannan jama'a?

Saboda haka a 1958 gwamnatinsa ta gayyato masana shari'a a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ce ta haifar da kundin dokokin laifuffuka na 1959, wanda ya fara aiki a 1960 bisa kowa da kowa. Aka bar aure da gado da makamantansu a hannun shari'ar Musulunci. Waɗansu malamai sun ga an rage wa shari'a ƙarfi, 'yan hamayya irin na NEPU kuwa suka ci gaba da kukan cewa kotunan En'e na danne su.

Sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna ran 15 ga Janairu, 1966. Masaƙar Kakuri ta daɗe da rufewa, amma muhawarar da ya yi ƙoƙarin sasantawa ta sake tashi a 1978, da kuma 2000, lokacin da aka zubar da jini a Kaduna. Allah ya jiƙansa.