Hose Gwadalupe Posada, mai zanen ƙwarangwal (1852-1913)

A arewacin Cirozerin, kusa da hanyar Arlit, akwai duwatsun Dabus inda mutanen dā suka sassaƙa raƙuman dawa. Aikin yana nan har gobe, amma sunan wanda ya yi shi ya ɓace. Saura kaɗan haka ta faru ga wani mai sassaƙa na ƙasar Meksiko, can nahiyar Amurka, wanda ya mutu shekara ɗari da wani abu ke nan. Sunansa Hose Gwadalupe Posada. Shi a bisa ƙarfe ya yi nasa aiki, kuma abin da ya fi shahara da shi shi ne zanen ƙoƙon kai da ƙwarangwal suna rawa, suna fahariya, suna faɗa kamar rayayyu.

An haifi Posada ran 2 ga watan Fabrairu na shekara ta 1852 a garin Agwaskaliyantes. Ubansa mai gasa burodi ne. Wansa Sirilo, malamin makaranta, shi ya koya masa karatu da rubutu. Yana saurayi ya shiga maɗaba'ar wani mutum mai suna Tirinidad Pedrosa, ya koyi zane a kan dutse, wanda ake shafa wa tawada a danna takarda hoto ya fito. A shekara ta 1871 suka fitar da wata ƴar jarida, El Jicote, wato rina, cike da zane-zanen ba'a ga masu mulkin jihar. Harbin rinar ya yi zafi: fitowa 11 kaɗai jaridar ta yi ta tsaya. A 1872 maigida da yaronsa suka yi ƙaura zuwa Leyon, cikin jihar Gwanahwato.

A Leyon ya yi aure a 1875, ya sami shagon kansa, yana zana hotunan addini, da na kwalin taba, da katin gayyata, har ya koyar da sana'ar a makarantar sakandare. Jihar kuwa ta saba da ganin matattu ido da ido. Tun 1865 ake tono gawawwaki a maƙabartar birnin Gwanahwato, a same su sun bushe ƙayau ba su ruɓe ba, akasari na waɗanda danginsu suka kasa biyan kuɗin kabari. A watan Yuni na 1888 ambaliyar ruwa ta cinye babban sashe na Leyon. Posada ya kwashe iyalinsa ya nufi birnin Meksiko, yana da shekara 36.

A nan ne aikinsa na ainihi ya soma. Ya haɗu da wani mai maɗaba'a, Antoniyo Banegas Arroyo, wanda kasuwarsa ita ce talakawa. Ba littattafai masu tsada yake bugawa ba, sai falle ɗaya na takarda mai launi, wadda yara ke talla a titi da bakin kasuwa a kan kuɗi mafi ƙanƙanta. A kai akwai labari ko waƙa, a sama kuma hoto. To, a wancan zamani wajen kashi uku cikin huɗu na mutanen Meksiko ba su iya karatu ba. Hoton shi ne jaridarsu. Mutum ya dubi zane ya gane an yi kisan kai, ko jirgin ƙasa ya faɗi, ko an harbe ɗan fashi, sa'an nan ya nemi mai karatu ya karanta masa saura. Duk wanda ya taɓa riƙe takarda yana jiran a karanta masa ya san darajar hoton da ba ya bukatar tafinta.

Posada ya zana musu duk abin da ake taɗi a kai: girgizar ƙasa, tauraruwa mai wutsiya ta 1910, aljanu masu ƙaho suna jan mai zunubi, dodanni masu fikafikai, dabbar da aka haifa da siffa mai ban tsoro. Da farko yana sassaƙa hoton da ɗan ƙarfe mai tsini a kan allon darma, kusan yadda maƙeran Agadas ke zana ado a jikin azurfa. Daga baya ya riƙa zana hoton a kan tutiya da tawada ta musamman, a tsoma cikin ruwan asid, ruwan ya cinye inda babu tawada. Wannan hanya ta fi sauri, sauri kuwa shi ne abincin mai aikin jarida. Zane-zanensa dubbai ne. Akwai masu ƙiyasin sun kai 20.000.

Kowace shekara, ran 1 da 2 ga watan Nuwamba, mutanen Meksiko suna bikin tunawa da matattu. Al'ada ce a lokacin a buga takardun da ake kira kalabera, wato ƙoƙon kai, inda ake yi wa mai rai ba'a kamar ya riga ya mutu. Ba Posada ya ƙago wannan ba. Manuwel Manilla, wanda ya riga shi aiki a maɗaba'ar, ya zana irinsu, kuma baitocin da ke ƙarƙashin hotunan wasu ne ke rubutawa. Abin da Posada ya ƙara shi ne rai. Ƙwarangwal ɗinsa suna tseren keke, suna shan giya, suna zawarci, wani ya hau ƙwarangwal ɗin doki da mashi yana watsa jama'a. Dabarar kuwa mai zurfi ce. Janar Porfiriyo Diyas ya riƙe ƙasar fiye da shekara 30, har 1911, kuma ƴan jarida da yawa sun sha kurkuku a hannunsa. Amma idan aka tuɓe wa mutum fata da nama, janar da ɗan dako haƙoransu ɗaya ne, sai hula da takalmi ke raba su. Ba'ar ta shafi kowa, saboda haka da wuya wani ya ce shi kaɗai aka nufa.

Mafi shahara cikin zanensa ƙoƙon kan mace ne, tana yaƙe haƙora, ba ta da komai a jiki sai wata ƙatuwar hula irin ta matan Faransa, da furanni da gashin jimina. Irin wannan gashi ne ayarin fatake suka daɗe suna ɗauka daga Kano da Damagaram, ta Ayar, zuwa Tarabulus domin hulunan Turai. Takardar ta fito a 1913, kuma ba'a ce ga ƴan ƙasa masu ƙyamar asalinsu, waɗanda cikinsu ba abinci amma suna kwaikwayon Turawa.

Daga baya wasu sun mai da Posada jarumin juyin juya halin da ya ɓarke a 1910. Wannan ƙari ne. Shi ma'aikaci ne mai zana abin da maɗaba'a ta ba shi, kuma ba'arsa ba ta bar ƴan tawaye ba, kamar yadda ba ta bar gwamnati ba. Tausayinsa ga talaka dai a fili yake cikin aikinsa.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da kaɗaici. Ɗansa tilo ya riga shi mutuwa, matarsa ma haka. Ran 20 ga watan Janairu na 1913 ciwon ciki ya kashe shi a wani ɗaki na unguwar talakawa, yana da shekara 60. Aka binne shi a maƙabartar Dolores, a kabari mai daraja ta shida, wato na kyauta. Bayan shekara 7, da ba wanda ya zo neman ƙasusuwansa, aka tono su aka zuba cikin ramin gayya tare da na sauran marasa gata.

Wani mai zane Bafaranshe, Jan Sharlo, shi ya tono sunansa, ya yi rubutu a kansa a 1925. A 1930 aka buga littafi mai ɗauke da zanensa fiye da 400. A 1947 Diyego Ribera ya zana babban hoto a bangon wani otel na birnin Meksiko, ya yi wa matar nan mai hula doguwar riga, ya tsayar da Posada kusa da ita tana riƙe da hannunsa. Sunan Katirina da duniya ta san ta da shi yau ya samo asali daga wannan zamani. Girgizar ƙasa ta 1985 ta lalata otel ɗin, amma bangon ya tsira, aka gina masa gida na musamman. A Agwaskaliyantes kuma, tun 1972 akwai gidan tarihi mai sunan Posada, inda ake ajiye allunan ƙarfen da ya sassaƙa da hannunsa.