Girman Kai Rawanin Tsiya: Labarin Robert Devereux

An haifi Robert Devereux a ƙasar Ingila cikin shekara ta 1565, ɗan gidan sarauta ne. Ubansa ya rasu a 1576, yaron kuwa ya gaji sarautar Essex yana da shekara goma. Ya tashi kyakkyawan saurayi, jarumi, mai kyauta, har talakawa suka ƙaunace shi ƙwarai.

Sa'ad da ya shiga fada, Sarauniya Alisabatu ta Fari ta ga ya kwanta mata a rai, ta naɗa shi Sarkin Dawaki a 1587. Cikin 1596 ya tafi da jiragen yaƙi ya ci birnin Kadis na ƙasar Sifen, sunansa ya gama Ingila duka. Amma yabon mutane ya hau masa kai, har ya manta shi bara ne, ba mai gida ba.

Wata rana cikin 1598, ana shawara a majalisa a kan wanda za a aika mulkin Ailan, sarauniya ta ƙi maganarsa. Sai ya juya mata baya don reni. Ta mare shi, shi kuwa ya kai hannu ga takobinsa. Duk da haka ta yi haƙuri da shi. Da shekara ta kewayo ta ba shi runduna wajen mutum 16,000, ya je ya kwantar da tawayen Hugh O'Neill a Ailan. Maimakon yaƙi sai ya yi sulhu da shi, ya baro rundunar ba da izini ba, ya faɗa wa sarauniya har ɗakin kwananta da sassafe, tun ba ta shirya ba.

Aka tsare shi, aka tuɓe shi daga muƙamansa. A 1600 kuma sarauniya ta hana shi harajin ruwan inabi wanda ya ke ci, ga bashi ya yi masa katutu. Da ya ƙasƙantar da kansa a sa'an nan, da ya tsira da ransa. Amma ya kasa kunne ga abokai masu zuga. Ran 8 ga Fabrairu 1601 ya fita cikin Landan da mabiyansa, yana tsammani jama'a za su tashi su bi shi. Ba wanda ya tashi. Ran 25 ga watan aka sare kansa a Hasumiyar Landan, yana da shekara 35. Kafin mutuwarsa ya furta zunubansa a gaban mutane, ya ambaci girman kansa, ya roƙi gafarar Allah.

Ya kai mai karatu, mutumin nan ya ci birni mai ganuwa, amma ya kasa cin zuciyarsa. In an tsauta maka yau, ka karɓa da tawali'u, kada ka bari sai ranar da tuba ba za ta mayar maka da abin da ka ɓatar ba.