Tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko

An haifi Muhammadu Dikko a shekarar 1865, a gidan Durɓin Katsina Gidado, na zuriyar Sulluɓawa.

Ya taso ne a zamanin da doki yake makamin yaƙi, lokacin da Katsina ke yawan fafatawa da dakarun Maraɗi. Tun yana saurayi ya yi suna a fagen fama, daga baya kuma ya riƙe sarautar Durɓi.

Hawa gadon sarauta

A shekarar 1906 Turawan mulkin mallaka na Birtaniya suka tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa, suka ɗora Dikko a madadinsa.

Wannan sauyi bai zo da sauƙi ba, domin Dallazawa sun shafe kusan shekara 100 suna mulki, kuma suna da magoya baya a birni da ƙauye. Babban aikin da ke gaban sabon sarkin shi ne haɗa kan jama'ar da zukatansu suka rabu.

Daga fagen fama zuwa fagen kallo

Yaƙi ya ƙare, amma barade da dawakinsu suna nan, ga kuma gasar da ke tsakanin gidajen sarauta. Dikko, wanda ya shahara da son dawaki, ya karkata wannan ƙarfi zuwa ga sukuwa da hawan sallah.

Hawan sallah ya girme shi, to amma a zamaninsa ya ƙara ƙawatuwa. Hakimai kan shigo birni da tawagoginsu, su yi jahi a gaban fada, talakawa kuma su ga sarkinsu ido da ido.

Bikin kan haɗa aikin hannun masu sana'a da dama: dukawa da maƙera masu kayan doki, maɗinkan manyan riguna, makaɗa, da mabusan kakaki da algaita. Ta haka gasa ta koma ta ado da iya hawa, maimakon zubar da jini.

A 1921 Dikko ya sauke farali a Makka, ya kuma ziyarci Ingila inda ya gana da Sarki George na biyar. Bayan dawowarsa ya raya wasan ƙwallon dawaki a Katsina, wasan da ɗansa Usman Nagogo ya yi fice a cikinsa.

A zamaninsa ne aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ginin ƙasan makarantar ya zama gidan tarihi.

Abin da ya bari

Allah ya yi masa rasuwa a 1944, Usman Nagogo ya gaje shi, sarautar kuma ta ci gaba a cikin zuriyarsa.

A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, abin da ya ƙara fito da darajar wannan al'ada ta ƙasar Hausa.

Sai dai a 2019 masarautar Katsina ta soke hawan sallah saboda hare-haren 'yan bindiga a wasu sassan jihar. Bikin da ya taimaka wajen dasa zaman lafiya a zamanin Dikko, shi ma sai da zaman lafiya yake yiwuwa.